Buzun Malam Halliru

9 ga Mayu, 2023

Zuwa ga taubashiyata Malama Safara'u Halliru, Sabon Garin Wudil.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara, da bayin Allah 'yan firamaren da kike tsorata wa da sunan koyarwa. Mu nan Kudu lafiya lau, sai ruwan sama da kewar tuwon dawa. In kin manta ni, Tasi'u ne na Salamatu, wanda kakarsa da kakanki suka sha nono ɗaya, wanda kika hankaɗa cikin kogi ranar bikin Suwaiba. Har yau ban rama ba.

Kada ki yi mamakin takarda a wannan zamani. Wayata a rataye take yini a ƙofar ɗakin tiyata. Haladu direba, mai kawo shanu daga kasuwar kara ta Wudil, shi zai riƙa kai mana yana kawowa.

Inna ta ce gwiwar Kawu Malam Halliru ta matsa masa. To ga wata dama. Na kusa gama koyon aikin ƙashi, abin da ya rage mini shi ne bincike a kan canza gwiwa da kwatangwalo. Idan gaɓa ta cinye, mukan cire bakin ƙashin da ya lalace, mu sa na ƙarfe da roba. Sai dai waɗanda suka ƙera kayan a kujera suke zama, mu kuwa mutanen tabarma ne da tsugunno da sallah sau biyar. Abin da nake son ganowa ke nan: yaya kayan suke yi a jikin namu mutanen? A watan Yuli ni da ogana za mu zo wani asibiti a Kano, mu yi wa mutum ashirin kyauta, mu bi su shekara guda muna aunawa. Na ajiye wa Kawu gurbi.

Ki sa a ɗauki hoton gwiwar ki aiko mini. Ki gaishe shi da kyau.

Ɗan'uwanki,
Tasi'u

21 ga Mayu, 2023

Zuwa ga Yaya Tasi'u.

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso tana warin shanu. Duk muna lafiya, yara suna gaishe ka. Maganar kogi kuwa, kai ka ce ka iya ruwa, ni gwadawa kawai na yi.

Ga hoton nan. Ranar Asabar na tafi Utai na zauna da Baba. Yaya, ciwon ya wuce yadda Inna Salamatu ta gaya maka. Daga ɗakinsa zuwa masallaci taku arba'in ne, amma sai ya tsaya sau biyu ya dafa garu. Shekara talatin da ɗaya yana limancin masallacin nan, yanzu in zai yi sujada sai ka ji nishinsa a lasifika, gwiwar tana ƙara kamar ana taka busasshen kara. Mai ɗori ya gasa, an yi ƙaho, ni kuma na shafa man zafi har tafin hannuna ya saɓule. Na gaji da jin nishin nan, wallahi na gaji.

Amma yana kai goshinsa ƙasa. A hankali, da gumi, amma yana kaiwa, kuma yana zaman tahiya a kan ƙafarsa. Ka tuna buzunsa na tunkiya, wanda mahaifinsa ya bar masa? Wurin goshin ya goge tas, babu ko silin gashi, sai fata tana sheƙi. Da shi yake yi wa yarana gori in sun yi lalacin sallah.

Na yi masa bayaninka. Bai tambayi zafin wuƙa ba, bai tambayi ko ana mutuwa ba. Tambayarsa ɗaya ce: «Bayan aikin zan yi sujada?» Ka san karatunmu: wanda ba ya iya sujada ba ya jan masu iyawa. In ya rasa ta, ya rasa limanci, kuma ban san abin da zai rage masa ba. Ka amsa masa wannan kawai.

Ƙanwarka,
Safara'u

2 ga Yuni, 2023

Malama Safara'u,

Ina gaisuwa, ina fata kowa lafiya. Na ga hoton, guringuntsin ya ƙare ƙat, ƙashi ne yake gugar ƙashi. Ki ce wa Kawu ya kwantar da hankalinsa. Irin gwiwar da za mu sa sabuwa ce, don masu durƙuso aka yi ta. In Allah ya yarda sai ya riga na'ibinsa kai goshi ƙasa.

Ga takardar amincewa nan, shafi uku, da Turanci. Ki fassara masa ita duka, layi-layi, haka dokar bincike ta ce, sannan ya sa hannu. Na haɗo miki da wata 'yar rula mai baki biyu kamar almakashi, da ita za ki riƙa auna lanƙwasar gwiwar bayan aiki. Mai sujada da zaman tahiya yana bukatar ta kai wajen ɗari da arba'in.

Kuma ki roƙe shi ya sanar a masallaci cewa zai je. Tsofaffinmu tsoron wuƙa suke, amma in liman ya yarda kowa zai yarda.

Tasi'u

12 ga Yuni, 2023

Yaya Tasi'u,

Muna lafiya. Na karanta masa abin da ya kamata ya ji, ya sa hannu da ajami, ga ta nan na mayar maka. Ya sanar bayan sallar isha'i, kuma ya yi maka addu'a da sunanka da na Inna. Mutum goma sha ɗaya sun ba da sunayensu, amma sun ce sai sun ga yadda ta Malam ta kaya. Sai mun haɗu a Kano.

Safara'u

30 ga Agusta, 2023

Zuwa ga Yaya Tasi'u.

Assalamu alaikum. Ina fata kun koma lafiya, ya gajiyar aiki? Damina ta yi kyau, geron Baba har ya fi ƙarfin yara su gani ta samansa.

Yau sati shida da aiki. Ciwon ya tafi, ba zan ɓoye maka alherinka ba. Ɗinki ya warke, ya ajiye sanda, jiya har gona ya je da ƙafarsa. Amma gwiwar ta ƙi lanƙwasa. Na auna kamar yadda ka koya mini: sati uku saba'in da biyar, sati huɗu tamanin, sati biyar tamanin da biyar, yau ma tamanin da biyar. Kullum da safe nakan hau mashin in je Utai kafin makaranta, in kwantar da shi, in danna ƙafar da ƙarfina har idonsa ya kawo ruwa. Ba ya cewa in bari. Sai ya ce, «Ƙara, Safara'u, saura nawa?» In ce saura kaɗan. Ƙarya nake masa, saura hamsin da biyar.

Malam Wali na'ibi yake jan sallah, Baba yana yi a ɗaki, a bakin gado, da nuni. Ya ƙi shiga masallaci da kujera. Cewa yake ba zai nuna wa mutane abin da ba zai daɗe ba.

Na kira ka sau tara ba ka ɗauka ba. Mai gashin ƙashin da ka haɗa mu da shi a Kano ya ce ba zai yi komai ba sai da izininka. Yaya, haka ake yi, ko wani abu ne ya lalace? Ka amsa da wuri, hankalina ba a kwance yake ba.

Ƙanwarka,
Safara'u

27 ga Oktoba, 2023

Likita,

Ina fata kana lafiya, tunda Haladu ya rantse hannu da hannu ya ba ka takardata wata biyu da suka wuce. Ya ce ka sa ta a aljihu kana tafiya kana magana da wani.

Bari in ba ka labarin da ba ka tambaya ba. Ranar Talata Baba ya ce ya isa haka. Ya yi alwala, ya ɗauki buzunsa, ya shiga gaba a sallar magariba. Ina tsakar gida ina jin lasifika. Karatunsa ya fita tsaf kamar da, har matan gida suka bar abin da suke yi. Ya yi ruku'u, ya ɗago. Ya yi kabbarar sujada. Sai muka ji wani gum, sai shiru. Shirun nan ya daɗe har na ji ana tari a sahu. Daga nan sai muryar Malam Wali ta ɗauka, ya ƙarasa da mutane.

Maigidana yana sahun farko, shi ya gaya mini sauran. Ƙafar dama ta ƙi naɗuwa, Baba ya miƙe ta baya don ya kai goshinsa ƙasa, sai ya kife ta gefe, ya doki lasifikar da kafaɗa, hularsa ta gangara cikin sahu. A haka ya kwanta har aka sallame, don babu mai yanke sallarsa ya ɗaga shi. Raka'a uku yana kwance a gaban mutanen da ya ɗaura wa aure, ya raɗa wa 'ya'yansu suna.

Washegari dattawa suka zo zaure. Sun yi ladabi, har ƙasa suka zauna, shi yana bisa benci yana kallon kawunansu. Suka ce Malam ya huta. Shi da bakinsa ya karanta musu hukuncin kafin su ƙarasa, ya miƙa wa Malam Wali makullin masallaci. Yanzu ni nake kai masa farar kujerar roba in ina nan, in ajiye a ƙofa. Ya zaɓi sahun ƙarshe, kusa da takalma.

Tamanin da takwas, in har lambar kake jira.

Safara'u

6 ga Disamba, 2023

Malama Safara'u,

Ina gaishe ki, ina yi wa Kawu sannu. Ki yi haƙuri da jinkiri, jarrabawa ce ta sha kaina, daga nan kuma muka tafi taron likitocin ƙashi. Sai shekaranjiya na buɗe takardunki biyu tare.

Gaskiya da an yi maganin abin da wuri. Idan gwiwa ta sandare a sati shida, akan sa mutum barci a lanƙwasa ta da ƙarfi kafin naman ciki ya kama. Ana yin haka cikin wata uku na farko. Yanzu lokacin ya wuce. Da kin ga shiru ai sai ki taho da shi ko ki matsa wa mai gashin, ke ma kin yi sanyi.

Amma kada ki ɗauki abin da zafi. A ma'aunin bincike aikin Kawu ya yi kyau ƙwarai: babu ciwo, yana tafiya kilomita biyu, ya koma ibada a masallaci. Ogana ya ji daɗin sakamakonsa. Limanci kuma ai dama shekaru sun ja, ko ba jima sai ya sauka.

Abu biyu nake so. Na ɗaya, ki ɗauko mini hotonsa yana sallah a kujerar nan, daga gefe, yadda gwiwar za ta fito. Za mu rufe fuskar. Na biyu, a watan Maris za mu dawo zagaye na biyu, kuma mutum goma sha ɗayan nan nake dogaro da su, in babu su adadina ba zai cika ba, shekara huɗu ta tafi a banza. Ki lallaɓa Kawu kada ya riƙa maganar da za ta karya musu zuciya. In ya yi tafiya a gabansu ba sanda ma ya wadatar.

Ɗan'uwanki,
Tasi'u

19 ga Disamba, 2023

Likita,

Muna nan yadda ka bar mu. Na karanta takardarka sau uku ina neman inda ka ce ka yi kuskure, ban samu ba. Na ga dai inda ka ce ni na yi sanyi. Ni da na yi wata biyar ina danne ƙafar ubana yana cije rawani.

Na je Kano na sami mai gashin ƙashin, na ƙi tashi daga ofishinsa sai da ya yi magana. Ya ce kafin Baba kun yi wa mutum goma sha shida a Kudu da irin wannan gwiwar, uku kawai suke zaman tahiya. Ka san wannan lissafin ranar da ka rubuto mini cewa Baba zai riga na'ibinsa kai goshi ƙasa. Ba kawunka ka gani ba, Tasi'u, tallar da za ta jawo maka tsofaffin Utai ka gani. Kuma har kana da bakin neman hotonsa a kujera, kamar ragon da aka kai kara.

Ba hoto, ba lallashi. Ranar Juma'a kowa yana shigowa Wudil cin kasuwa, zan bi mutum goma sha ɗayan nan ɗaya bayan ɗaya in gaya musu uku cikin goma sha shida. Sannan zan rubuta wa oganka. Allah ya isa tsakaninmu da kai.

Safara'u

8 ga Janairu, 2024

Safara'u,

Ina fata kin huce. Tunda kin kai mu ga Allah ya isa, bari mu yi ta a buɗe.

Takardar amincewar tana gabana. Shafi na biyu, layi na tara: mutane da yawa ba sa iya durƙuso ko zama a kan ƙafa bayan wannan aiki, kuma yana iya zama har abada. A ƙasa ga hannun Kawu da ajami, ga naki a matsayin wadda ta fassara. Kin yi digiri a Turanci, ba za ki ce layin ya fi ƙarfinki ba.

Kin san yadda na gane? Da safen da za a shiga da shi, yana kan gadon da ake tura marasa lafiya, ya kama hannuna ya ce, «Safara'u ta karanta mini takardarka daga farko har ƙarshe, babu inda aka ce zan rasa sujada, shi ya sa na zo.» Nan na san kin tsallake layin. Na rufa miki asiri, ban ce komai ba.

Ni na yi ƙarin gishiri a wasiƙa, na yarda, kowane likita yana ƙarfafa wa mara lafiya zuciya. Amma gaskiyar na rubuta ta, na sa a hannunki, na ce layi-layi. Ke kika zauna gabansa kika haɗiye ta. In kin rubuta wa ogana, takardar nan ce za ta amsa masa. In kuma kika ɓata mini mutanena, da kaina zan zo Utai in karanta wa Kawu layi na tara. Ki zaɓa. Hoton dai ina jira.

Tasi'u

5 ga Fabrairu, 2024

Zuwa ga Likita Tasi'u ɗan Salamatu.

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya. Yara lafiya, maigidana lafiya. Ni ce dai ba lafiya ba, amma ba irin wadda kake aunawa ba.

Na rage maka wahalar tafiya. Ranar Lahadin makon jiya bayan la'asar na sami Baba a zaure, na durƙusa, na buɗe kwafin takardar, na fassara masa layi na tara kalma-kalma. Ya saurara har na gama.

Ya ce, «Ranar farko kin ga wannan layin?»

Na ce na gani.

«Kin fahimce shi?»

Na ce na fahimta.

«To me ya sa?»

Na ce, «Baba, na gaji da jin nishinka. Na san in ka ji ba za ka je ba.»

Sannan ya ce, «Nishin nawa ne ko naki? Ni da nake yinsa ban kai ƙara wurin kowa ba. Kullum na sa goshina a ƙasa da ciwon nan, daɗi nake ji na kawo wani abu mai tsada. Kin ɗauke mini shi ba ki tambaye ni ba, don kunnenki ya huta.»

Ban taɓa jin magana ta shige ni haka ba. Da ya mare ni da ya fi mini sauƙi. Na gaya masa kai ma ka sani tun kana riƙe da hannunsa a kan gadon nan na asibiti, minti ɗaya ya ishe ka ka faɗa masa, ka yi shiru ka tura shi ciki. Ka kira wannan rufin asiri. Bai ko ɗaga kai ba. Ya ce, «Shi baƙo ne, sana'arsa yake yi. Ke fa?»

Mutanenka kuma ba ni na same su ba, shi ya tara su. Ya naɗe wandonsa ya nuna musu tabon. Ya ce ciwo ya tafi, sujada ta tafi, kowa ya zaɓi wadda zai iya rayuwa babu ita. Bai ambaci sunanka ba, bai ambaci nawa ba. Bakwai sun janye. Huɗu sun ce za su je, har da Iya Saudatu da kwatangwalo ya kwantar shekara biyu, kuma ban ga laifinsu ba, su an karanta musu layin. Ka nemi cikon adadinka a wani garin, na san ba za ka rasa wani limamin ba.

Ranar Lahadin nan, kafin in tafi, ya kwanta da kansa ya ce in auna na ƙarshe, don ya sa hannu a kan za a riƙa auna shi kuma ba ya son a ce ya saɓa. Casa'in da biyu. Ga lambarka nan, ga rularka. Hoto babu.

Ya ce in daina kai masa kujera, maƙwabci zai riƙa kaiwa. Ya ce in zauna a Wudil in kula da yarana, in yana bukatata zai aiko. Yau kwana takwas, duk mashin ɗin da ya tsaya a ƙofar gida sai na leƙa. Bai aiko ba.

Saƙo ɗaya ya fito daga Utai, jiya, kuma ba nawa ba ne. Shi ne ƙunshin da Haladu zai ba ka tare da wannan takarda. Buzunsa ne. Ya ce a kai wa likita, shi ba shi da sauran abin yi da shi. Ya ce tunda kana son awo, ka sa rularka a wurin da goshinsa ya cinye gashin, ka rubuta abin da ka samu a cikin bincikenka.

Da ya iso wurina, ni na naɗe shi da hannuna. Ni kuwa ban samu ya bar mini ba.

Safara'u Halliru